Yadda Ake Tsare Ingancin Maganin Ruwa na Yara a Masana'anta, Daga Bakin Sito Har Zuwa Kwalba

Maganin ruwa na yara, irin wanda iyaye ke aikawa a sayo a kemis idan zazzaɓi ya kama ɗa da daddare, yana cikin magungunan da haɗa su ba shi da wuya, domin abin da ke cikin kwalbar bai wuce ruwa da sukari da garin magani da 'yan sinadarai kaɗan ba. Wannan sauƙin nasa ne kuma ke sa mai masana'anta ya saki jiki. A nan zan bi zubi ɗaya na farasitamol na ruwa, mai miligiram 120 a kowace mililita 5, tun daga ranar da mota ta sauke kayan haɗinsa har zuwa ranar da za a loda katan-katan ɗinsa, in nuna abin da ake dubawa a kowane mataki, da wanda ke dubawa, da dalilin dubawar. Idan na ce zubi, ina nufin duk abin da aka haɗa a tanki ɗaya a lokaci ɗaya aka ba shi lamba ɗaya, wato lambar nan da ake bugawa a jikin kwalba kusa da ranar ƙarewar wa'adi. Misalinmu lita 1,000 ne da za a ɗura a kwalabe masu cin mililita 60, aikin da bai fi ƙarfin matsakaiciyar masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa da ke Kano ba.

Abin da ya kamata ya kasance kafin a taɓa komai

Abu biyu ne ake fara tabbatarwa. Na farko shi ne rubutaccen tsarin haɗi, wanda ya ƙunshi sunan kowane sinadari da nauyinsa da jerin yadda za a zuba shi da zafin da za a ba shi da tsawon lokacin juyawa, kuma ya zama daidai da wanda aka miƙa wa hukumar NAFDAC lokacin rajistar maganin. Daga wannan tsarin ake kwafo kundin kowane zubi, a bar gurbin sa hannu biyu a gaban kowane layi, ɗaya na wanda ya yi aikin, ɗaya na wanda ya tsaya ya gani da idonsa. Ana cike kundin a daidai lokacin da ake aikin, da biro, ba da fensir ba, kuma idan an yi kuskure sai a ja layi ɗaya a kansa yadda zai ci gaba da karantuwa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata.

Na biyu shi ne raba iko. Shugaban sashen sarrafawa daban, shugaban sashen tabbatar da inganci daban, kuma babu wanda ke ƙarƙashin ɗan uwansa. Dalili a fili yake: wanda aka ɗora wa alhakin fitar da katan dubu a mako ba shi ya kamata ya yanke hukuncin ko katan ɗin sun cancanci fita ba. Masu duba masana'antu na NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, da na majalisar kula da harkar harhaɗa magunguna ta PCN mai yi wa wurin aiki rajista, sukan duba wannan tsari a takarda, amma ainihin gwajinsa yana zuwa ne ranar da mai kamfani ya matsu da kuɗi.

Mataki na farko: karɓar kayan haɗi

A nan zan fi daɗewa, domin ta wannan ƙofa mutuwa ta fi shigowa. Farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa. Mililita ɗaya ta ruwa a zafin ɗaki ba ta ɗaukar fiye da kimanin miligiram 14, alhali maganinmu yana bukatar miligiram 24 a kowace mililita. Saboda haka dole a nemi wani ruwan da zai taimaka wajen narkar da shi, kuma abin da aka fi amfani da shi shi ne firofilin gilaikol, sau da yawa tare da gilisarin. Matsalar ita ce akwai wasu sinadarai biyu masu kama da su ƙwarai, dayetilin gilaikol da etilin gilaikol, waɗanda ake amfani da su a ruwan birki da ruwan sanyaya inji. Su ma ba su da launi, suna da ɗan kauri da ɗan zaƙi, sun fi araha, kuma guba ne da ke lalata ƙoda, har yaro ya daina fitsari cikin 'yan kwanaki. A 1990 yara 109 suka rasu a Nijeriya bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da dayetilin gilaikol. A tsakanin 2008 da 2009 maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara 84 ta wannan hanya. A 2022 kimanin yara 70 suka mutu a Gambiya bayan shan wasu magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya. Tun a 1937 irin wannan guba ta kashe mutum fiye da 100 a Amurka, abin da ya jawo dokar magunguna ta 1938 a can. Tsohuwar cuta ce, kuma gwajin da ke kama ta sananne ne.

Saboda haka, da mota ta iso, mai sito zai fara duba takardu kafin a sauke kaya: shin mai kawo kayan yana cikin jerin waɗanda sashen inganci ya amince da su, shin akwai takardar shaidar gwaji daga ainihin kamfanin da ya yi sinadarin, kuma lambar zubin da ke kan takardar ita ce ke jikin duro? Sannan a duba kowane duro da kowane buhu, a ga ko hatimin bakinsa yana nan yadda aka rufe shi, ko an kankare takardar jikinsa an manna wata, ko kuwa tsohon duro ne aka sake cikawa. Duk abin da ya shigo sai a manna masa katin rawaya, alamar yana killace, a ajiye shi a wurin da aka keɓe. Koren kati na wanda ya ci gwaji ne, jan kati na wanda ya faɗi, kuma ma'aikacin sashen inganci kaɗai ke da ikon canza kati.

Wajen ɗibar samfuri, idan kayan masu yawa ne iri ɗaya, kamar buhu 100 na sukari, an saba da wata ƙa'ida ta neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da yawan buhunan, sannan a ƙara ɗaya, wato a buɗe buhu 11. Amma wannan rangwame bai shafi gilisarin da firofilin gilaikol da ruwan sobitol, mai ƙara wa magani zaƙi, ba. Su kam kowane duro sai an buɗe shi an gwada shi shi kaɗai, ko da guda arba'in ne, domin mai algus ba ya lalata dukan kaya, yakan cusa duro biyu ko uku ne a tsakiyar masu kyau. Iyakar da littattafan ƙa'idar magunguna suka yarda da ita ita ce kashi 0.10 cikin ɗari na kowane ɗaya daga cikin gubobin biyu, kuma na'urar da ke iya ganin wannan ɗan ƙaramin adadi ita ce mai rarrabe sinadarai ta hanyar tururi, wadda ma'aikata ke kira GC. Masana'antar da ba ta da ita sai ta aika samfuri wani ɗakin gwaji da aka amince da shi, ta kuma jira sakamako, ko da jiran zai tsayar da aiki mako guda. Takardar shaidar da dillali ya kawo ba ta maye gurbin wannan gwaji, domin takarda kwafinta ake yi.

Na taɓa ganin amfanin ƙaramin gwaji da idona a wata masana'anta da na yi aiki. An kawo duro shida a lokacin da kayan suka yi ƙaranci a kasuwa, takardunsu lafiya lau. Nauyin firofilin gilaikol idan an gwama shi da na ruwa yana tsakanin 1.035 da 1.040, na dayetilin gilaikol kuwa ya kusa 1.12. Duro biyar suka ba da abin da ake tsammani, na shida ya ba da 1.06. Mai sito, dattijo ne da ya girme ni da shekaru masu yawa, ya ce, "Malam, ai wurin da muka saba saya ne, kuma ga takarda." Na ce, "Baba, takardar ta shida ce gaba ɗaya, amma ma'aunin ɗaya bayan ɗaya yake magana." Muka manna wa dukan shidan jan kati. Sai dai a lura, wannan gwajin nauyi yana kama algus mai yawa ne kawai. Kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari zai wuce ta gabansa bai gani ba, alhali ya isa ya yi wa jariri illa. A ganina kuma kuskure ne a mayar wa dillali irin wannan duro a yi shiru, domin washegari zai sayar wa wani. A sanar da NAFDAC shi ne daidai.

Garin farasitamol shi ma ana tabbatar da cewa shi ne, ta na'urar hasken da ke fitar da zanen kowane sinadari kamar zanen yatsa, da kuma zafin da yake narkewa, tsakanin digiri 168 da 172 a ma'aunin Salshiyos. Sai a auna ƙarfinsa, domin za a bukaci wannan adadi wajen awo. Kwalabe da murafe da takardun jikin kwalba da cokalin awo duk kayan haɗi ne a idon sashen inganci, kuma katin rawaya suke fara samu.

Mataki na biyu: ruwa

Ruwa shi ne sinadarin da masana'anta ke yi da kanta kullum, don haka babu wata takardar dillali da za a fake da ita. Yawancin masana'antun Kano da rijiyar burtsatse suke aiki, kuma ruwanta yana canzawa tsakanin rani da damina. Ana bi da shi ta matatar yashi, sannan ta gawayi, sannan na'urar rage gishirin ƙasa, sannan matatar nan mai matsa ruwa ta cikin fata mai ƙananan ƙofofi da ake kira RO, a ƙarshe a haska shi da fitilar kashe ƙwayoyin cuta. Kowace safiya kafin a ɗebi ko lita ɗaya sai a auna yadda ruwan ke ɗaukar lantarki, wanda ke nuna yawan gishirin da ya rage. A digiri 25 bai kamata ya wuce maikurosimin 1.3 a santimita ba. Ƙwayoyin cuta kuma kada su wuce 100 a mililita.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne tsayuwar ruwa. Tataccen ruwa ba shi da sinadarin kulorin da zai kare shi, kuma a zafin bazara na Kano, inda rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ruwan da ya kwana a tiyo ko a wani reshen bututu da ba ya gudana yakan zama gidan ƙwayoyin cuta. Saboda haka ake barin ruwan yana zagayawa dare da rana, a cire tiyo a rataye shi ya tsane bayan aiki. Idan an ɗauke wuta tsawon dare famfo ya tsaya, to a rubuta, a zubar da na farko, a ɗebi samfuri.

Mataki na uku: share fage

Kafin a shigo da kayan sabon zubi, mai duba inganci zai zagaya ɗakin ya tabbatar babu ragowar komai na aikin jiya, ko takarda ɗaya ko kwalba ɗaya. Zai leƙa cikin tanki da tocila, ya duba ƙarƙashin fukafukan majuyi da bakin bututun fita, inda ragowar magani ke maƙalewa, ya ga katin da ke nuna ranar wanki da abin da aka haɗa a ciki na ƙarshe. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ta kowace kafa, don haka sai a riƙa duba ma'aunin da ke nuna cewa iskar ɗakin haɗi ta fi ta farfajiya ƙarfi, yadda in an buɗe ƙofa iska za ta fita ne ba ta shigo ba. Ma'aikaci ba ya shiga sai da rigar aiki da hula da takunkumi da safar hannu, kuma mai mura ko mai buɗaɗɗen rauni a ba shi wani aikin a waje.

Mataki na huɗu: awo

Ana fara gwada sikelin kansa da duwatsun awo na musamman, a rubuta abin da ya nuna. Sannan a yi lissafi. Lita 1,000 a kan miligiram 24 kowace mililita ya zama kilo 24 na farasitamol. Amma idan gwajin ɗakin bincike ya nuna ƙarfin garin kashi 99.2 ne cikin ɗari, sai a raba 24 da 0.992, a sami kilo 24.19, kuma wannan za a auna. Mutum biyu ne ke yin lissafin, kowa shi kaɗai, sannan su gwama. Sinadari ɗaya ake shigowa da shi ɗakin awo a lokaci ɗaya, a karanta sunansa da lambarsa da babbar murya, a ga koren katinsa, a auna, a ɗaure, a manna takarda, a fitar da shi kafin na gaba ya shigo. Farin gari duk kamarsu ɗaya a ido, kuma wanda ya fi shekara goma yana aikin ya fi sabon shiga saurin dogaro da ido. Daga sito kuma wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara fitarwa.

Mataki na biyar: haɗi

Ana dafa ruwan sukari a tankin ƙarfe mara tsatsa, a kiyaye zafin da tsarin haɗi ya faɗa, domin wuce gona da iri yana sa sukarin ya yi duhu. A wani ƙaramin tanki ake narkar da farasitamol cikin firofilin gilaikol, kuma ba a juye shi cikin babban tanki sai mai duba inganci ya ɗebo a kofin gilashi ya ɗaga shi ga haske ya ga babu ko ƙwayar gari ɗaya. Sinadaran hana lalacewa, kamar metilfaraben ko sodiyam benzuwet, su ma a narkar da su tukuna. Ƙamshi da launi su ne na ƙarshe, bayan haɗin ya huce, saboda zafi yana kore ƙamshi.

Akwai abubuwa uku da ake sa wa ido a nan. Na ɗaya tsami, wanda ake aunawa da ma'aunin pH bayan an daidaita na'urar da ruwan gwaji mai lamba 4 da mai lamba 7 a safiyar ranar. Farasitamol ya fi zama lafiya a wajajen 5 zuwa 6. Idan tsami ya yi yawa ko ya yi kaɗan, musamman tare da zafi, sai ya fara rushewa ya koma wani sinadari mai suna 4-aminofinol, wanda ke da illa kuma ke sa maganin ya canza launi. Na biyu cikon ruwa zuwa lita 1,000. Wannan sai haɗin ya huce sosai kuma kumfa ta kwanta, domin ruwa mai zafi yana kumbura, kuma wanda ya cike tanki da zafinsa zai wayi gari ya tarar ya ragu, ƙarfin maganin ya haura. Na uku lokacin juyawa. Idan tsarin ya ce minti 45, kuma aka ɗauke wuta a minti na 20 kafin janareta ya tashi, to a rubuta lokacin tsayawa da na tashi, a sanar da sashen inganci su faɗi yadda za a ƙarasa, kada wani ya ƙiyasta da ka.

Bayan an gama sai a ɗebi samfuri daga saman tanki da tsakiyarsa da ƙasansa, a gwada kowanne daban. Idan ukun suka bambanta da yawa, haɗin bai gauraya ba, kuma ma'anar haka ita ce kwalaben farko za su fi ƙarfi, na ƙarshe su zama ruwan sukari, ko akasin haka. Ba a fara ɗuri sai sakamakon ya fito an sa hannu. Haɗin kuma ba ya zama a tanki fiye da kwanakin da masana'anta ta riga ta gwada ta tabbatar ba ya lalacewa a cikinsu.

Mataki na shida: ɗuri da rufewa

Auna mililita a kowace kwalba yana da wahala saboda kaurin maganin, don haka da nauyi ake bi. A ce nauyin haɗinmu 1.20 ne idan an gwama da ruwa. Mililita 60 za ta zama giram 72, ban da nauyin kwalba. Kowane rabin awa sai a ɗauko kwalba ɗaya daga kowane bakin injin ɗuri, a auna, a ɗiga sakamakon a kan takardar da ke da layi uku a kwance: na tsakiya shi ne abin da ake nema, na sama da na ƙasa su ne iyaka. Wannan dabara wani Ba'amurke mai suna Walter Shewhart ne ya fito da ita a 1924, kuma amfaninta ya wuce kama kwalbar da ta ƙetare iyaka. Idan ɗigo bakwai a jere suka faɗo a gefe ɗaya na layin tsakiya, ko suna ta gangarowa ɗaya bayan ɗaya, to wani abu yana canzawa a injin, wataƙila robar famfo ta fara cinyewa ko iska na shiga bututu, ko da kuwa babu wanda ya fita daga iyaka tukuna. A tsayar a gyara a lokacin. Akasin wannan kuskure shi ne ma'aikacin da ke murɗa injin duk lokacin da ya ga ɗigo ɗaya ya ɗan motsa. Shi kuma da hannunsa yake ƙara rikita awon. Idan aka sami kwalbar da ta faɗi, duk abin da aka ɗura tun daga awon baya mai kyau sai a ware shi a sake dubawa.

Murfi ana gwada ɗaurinsa, a kwantar da wasu kwalabe a kan farar takarda ko a sa su a tukunyar zuƙe iska a ga ko za su yi yoyo. Kwalbar da ke tsatsafo da ruwan sukari tana kiran tururuwa da fumfuna tun kafin ta kai Kwanar Dangora.

Mataki na bakwai: takardun jikin kwalba da ƙidaya

Takardun a kulle suke, kuma da ƙidaya ake bayar da su. Ta farko da injin ya buga wa lambar zubi da ranar yi da ranar ƙarewa da lambar rajistar NAFDAC sai mutum biyu su karanta ta, a manna ta a cikin kundi. Bayan an gama, waɗanda aka manna da waɗanda suka lalace da waɗanda suka rage dole su haɗu su ba da adadin da aka karɓo. Ragowar da aka riga aka buga wa lamba a lalata su a gaban shaida, domin takarda ta gaskiya a hannun mai jabu ta fi masa kuɗi daraja.

Haka ma yawan kwalabe. Lita 1,000 a mililita 60 ba za ta wuce kwalba 16,666 ba, kuma a aikace sai ta gaza haka saboda samfuri da abin da ya maƙale a bututu. Idan aka sami 17,200, kada kowa ya yi murna, domin ko dai an tauye mudu ko an ƙara ruwa. Idan kuma 15,500 aka samu, sai a nemo inda sauran suka shiga.

Mataki na takwas: gwajin ƙarshe da sakin kaya

Katan-katan ɗin da aka kammala su ma katin rawaya suke samu. Ɗakin gwaji zai ɗauki kwalabe daga farkon ɗuri da tsakiya da ƙarshe, ya duba kama da ƙamshi da tsami da nauyi, ya auna ƙarfin farasitamol da na'urar rarrabe sinadarai cikin ruwa da ake kira HPLC, wanda a ƙa'idar littafin magunguna na Birtaniya ya kamata ya kasance tsakanin kashi 95 da 105 cikin ɗari na abin da aka rubuta a kwalba, ya kuma auna 4-aminofinol da sinadarin hana lalacewa. Gwajin ƙwayoyin cuta shi ne mai cin lokaci: bakteriya kwana 3 zuwa 5 a digiri 30 zuwa 35, fumfuna kwana 5 zuwa 7 a digiri 20 zuwa 25. Iyaka ga maganin sha mai ruwa ita ce bakteriya 100 da fumfuna 10 a mililita, kuma kada a sami ko ɗaya daga ƙwayar E. coli, wadda ke zama a hanji. Babu dabarar da ke gajarta waɗannan kwanaki. A nan ne mai kamfani kan leƙo ya ce dillali ya riga ya biya, mota tana jira. Amsar da na ji wata shugabar sashen inganci ta bayar ita ce, "Ranka ya daɗe, kwana uku suka rage, kuma hannuna ne zai hau takardar." Motar ta koma babu kaya, ta dawo ranar Litinin.

Idan sakamako ya fita daga iyaka, ba a maimaita gwaji har sai an dace da lamba mai daɗi a jefar da sauran. Ana fara binciken ɗakin gwajin ne: an daidaita na'ura, an auna daidai, ruwan gwajin bai tsufa ba? In an sami kuskure a fili a rubuta shi a sake gwaji. In ba a samu ba, sakamakon farko yana nan daram, kuma bincike ya koma kan kundin haɗi. Zubin da ya faɗi jan kati ne, a kulle shi, a lalata shi bisa ƙa'idar hukuma. Wanda ya ci kuwa, sai mai ikon saki ya karanta kundin shafi bayan shafi, ya ga kowane gurbi da sa hannunsa, kowace matsala da bayaninta, sannan ya canza kati zuwa kore.

Mataki na tara: bayan kaya sun fita

Daga kowane zubi ana ajiye kwalaben da za su isa a yi cikakken gwaji aƙalla sau biyu, a cikin kwalinsu na kasuwa, har shekara ɗaya bayan ƙarewar wa'adi, kuma kundin ma haka. Wasu kwalaben kuma ana sa su a akwatin gwajin daɗewa mai digiri 30 da laima kashi 75 cikin ɗari, wanda shi ne ma'aunin ƙasashe masu zafi da laima irin tamu, a riƙa fito da su lokaci-lokaci ana gwadawa. Na gaggawa kuwa digiri 40 ne na wata shida. Daga nan ake samun ranar ƙarewar da ake bugawa. Amma akwatin gwaji bai san rufin kwano ba. Sito ko bayan mota a Kano da azahar ta bazara yakan wuce abin da aka gwada, don haka a rataye ma'aunin zafi a sito a riƙa rubutawa safe da yamma, a ɗora katan a kan katako nesa da bango, a yi lodi da sanyin safiya.

Kowace takardar sayarwa ta ɗauki lambar zubi da yawan katan da sunan mai saye, ko dillali ne a kasuwar magani ta Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, ko asibiti, ko mai kai kaya Maraɗi. Sau ɗaya a shekara sai shugaban inganci ya zaɓi wata lamba ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya duba agogo, ya ce a nemo masa inda kowane katan na wannan zubi yake, da lambar wayar wanda ke riƙe da shi, da lambar duron firofilin gilaikol da aka zuba a ciki, da sauran zubin da suka sha daga wannan duro. A rubuta awannin da aikin ya ci da yawan katan ɗin da aka kasa ganowa, a ajiye takardar don a gwama ta da ta baɗi.